NFL: Me ya sa 'yan kallo ke yanke wa sabon ɗan wasa hukunci tun bai kwance jaka ba?

A watan Agustan 2021, magoya bayan ƙungiyar Cincinnati Bengals ta Amurka da dama sun riga sun gama da Ja'Marr Chase, alhali ko wasa ɗaya na gasa bai buga musu ba. Sau 5 aka jefa masa ƙwallo a wasannin share fage, sau 4 ta suɓuce masa. A Twitter da tashoshin rediyo na wasanni aka yi ta ce-ce-ku-ce cewa ƙungiyar ta tafka asara. Da yaron ya zo bayani sai ya ƙara wa wutar fetur, domin ya ce ƙwallon gasar NFL ba ta da farin zanen da ke jikin ta jami'o'i, don haka ta fi wuyar gani a sama. Aka mayar da maganar abin zolaya.

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya fi kama da zari-ruga, kuma yawancinsa da hannu ake yi. Akwai mai jifa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya a fili. Akwai ƙarti biyar da ke yi masa katanga. Sai kuma 'yan wasan gefe da aikinsu shi ne su sheƙa a guje, su zille wa mai tsaronsu, su cafe ƙwallon da aka jefo. Idan ɗan wasa ya shiga da ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, wanda ake kira tacdawun, ƙungiyarsa ta samu maki 6. Chase mai cafewa ne, kuma a wannan wasa babu kuskuren da ya kai na mai cafewa fitowa fili. Idan ƙato ya yi sakaci a katanga, sai masani ne zai lura. Idan ƙwallo ta taɓa hannu ta faɗi, har yaron da ke kallo a waya ya gani, kuma kafin a tashi wasa bidiyon ya zagaya.

Fushin mutanen Cincinnati yana da tushe. Mai jifansu, Joe Burrow, ya ji mummunan rauni a gwiwa a watan Nuwamban 2020, a shekararsa ta farko, kuma kowa ya san katangar da ke gabansa ba ta da ƙwari. Da ƙungiyar ta samu damar zaɓe ta 5 a zaɓen sababbin 'yan wasa na Afrilun 2021, da yawa sun so a ɗauko Penei Sewell na Jami'ar Oregon ya kare shi. Sai aka ɗauko Chase, abokin wasan Burrow a Jami'ar Jihar Louisiana, Sewell kuwa ya tafi Detroit Lions a zaɓe na 7. Saboda haka duk ƙwallon da ta faɗi daga hannun Chase, sai masu wancan ra'ayi su ce ga abin da muka faɗa. Abin da aka riƙa mantawa shi ne yaron bai buga wasa ba a 2020 gaba ɗaya, ya janye saboda annobar korona. Mutumin da ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi bai shiga wasan gasa ba aka auna da jifa biyar.

Ranar 12 ga Satumba aka buɗe gasa da Minnesota Vikings. Chase ya cafe 5, ya ci tazarar yadi 101, har da tacdawun daga yadi 50. Zuwa ƙarshen kaka yana da cafewa 81, yadi 1,455 da tacdawun 13, aka ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasa a ɓangaren masu kai hari. A wasa ɗaya da Kansas City Chiefs, ranar 2 ga Janairun 2022, ya ci yadi 266. Bengals ta yi nasararta ta farko cikin shekara 31 a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ta kuma kai wasan ƙarshe na Super Bowl.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kusan da wannan tunani ɗan kallo ke zama gaban talabijin ko'ina a duniya. Matsalar ita ce aikin mai cafewa bai yarda da karin maganar ba. Mai jifa ba ya jiran ya ga abokinsa ya kuɓuta kafin ya saki ƙwallo. Yana jefa ta ne wani wuri da babu kowa, bisa yarda cewa a taku na kaza abokin zai karkata ya iso wurin. Idan ɗaya ya karanta tsayuwar masu tsaro ya yanke ciki, ɗayan kuma ya zaci waje zai yi, ƙwallon sai ta sauka hannun abokin gaba, kuma daga kan kujerar kallo ba a iya sanin wanda ya yi kuskuren. Kowace ƙungiya tana da kundin dabarunta mai ɗaruruwan tsare-tsare, da sunayen da ta laƙa musu. Ɗan wasan da ya sauya sheƙa kamar ɗan kasuwa ne da ya koma garin da ba ya jin yarensu: ya iya ciniki, amma sai ya koyi ƙirga kuɗi da bakinsu.

Odell Beckham Jr. ya ɗanɗani wannan a kakar guda. Cleveland Browns ta sallame shi a farkon Nuwamban 2021 bayan dangantaka ta yi tsami, har mahaifinsa ya wallafa bidiyo a Instagram yana nuna lokutan da mai jifa Baker Mayfield bai ba ɗansa ƙwallo ba. Ranar 11 ga watan ya sa hannu da Los Angeles Rams. Kwana huɗu bayan nan aka saka shi a fili da San Francisco 49ers. Ya cafe 2 kacal, yadi 18, wata doguwar ƙwallo da Matthew Stafford ya jefa wajensa tun farkon wasa ta faɗa hannun abokan hamayya, aka lallasa Rams da ci 31 da 10. Nan da nan aka ce ya kwaso ƙashin tsiyar Cleveland ya kawo Los Angeles. Wannan mutumin dai shi ne ya ci tacdawun 5 a wasa 8 da ya buga musu kafin ƙarewar kaka, ya cafe 9 da yadi 113 a wasan da ya kai su Super Bowl, kuma 49ers ɗin nan suka doke a ranar.

Sai ga su biyun a fili ɗaya ranar 13 ga Fabrairun 2022, a filin SoFi da ke Inglewood, dukansu tsofaffin ɗaliban jami'a guda, dukansu an yi musu jana'iza da ransu a watannin baya. Beckham ne ya ci tacdawun na farko a wasan kafin jijiyar gwiwarsa ta tsinke tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Rams ta yi nasara da ci 23 da 20.

Wannan ba ya nufin ɗan kallo kullum shi ne mai kuskure, ko kuma ya yi shiru ya tafa. Tikitin NFL yana da tsada, kuma kakar gajeriya ce: wasa 17 ne kowace ƙungiya ke bugawa, a inda ƙungiyar Firimiyar Ingila ke buga 38. Wanda ya ce a yi haƙuri na wata ɗaya, kusan rubu'in kaka yake nema a yafe masa. Ga kuma ƙa'idar iyakance albashi, wadda a 2021 ta tsaya a dala miliyan 182.5 ga kowace ƙungiya. Duk dalar da aka zuba wa mutum ɗaya an hana ta wani gurbi ne. Ko a batun Chase, masu son Sewell ba shirme suka yi ba. Sau 51 aka kayar da Burrow da ƙwallo a hannu a kakar, fiye da kowane mai jifa a gasar, aka ƙara 9 a wasa ɗaya da Tennessee Titans, sannan 7 a Super Bowl ɗin da suka rasa da maki 3. Sun yi gaskiya a kan katanga. Inda suka zame shi ne da suka ɗora wa hannun yaron laifin shawarar da ba shi ya yanke ba.

Akwai kuma lokacin da Larabar ke faɗin gaskiya. A watan Maris na wannan shekara ta 2021, New York Giants ta ba Kenny Golladay kwantiragin shekara 4 a kan dala miliyan 72. Ya zo da suna, domin shi ya fi kowa cin tacdawun ta hanyar cafewa a 2019, guda 11, lokacin yana Detroit. Kakarsa ta farko a New York ta ƙare ba tare da ko ɗaya ba. Cikin shekara biyu ya cafe 43, yadi 602, tacdawun 1, wanda shi ma sai a wasan ƙarshe na kaka ta biyu ya zo. Aka sallame shi a 2023. Magoya bayan da suka fara ƙorafi da wuri sun canka daidai.

Amma a duba abin da ya bambanta shi da Chase. Alamar Golladay tana rubuce tun kafin ya sa rigar Giants: wasa 5 kaɗai ya buga a 2020 saboda raunuka. Salon wasansa kuma na mutum ne da ba ya yawan tsere wa mai tsaro, sai dai a jefa masa a cikin matsi ya yi tsalle ya ƙwato, wanda ke buƙatar mai jifa da ba ya tsoron kasada. Waɗannan abubuwa ne da shugabannin ƙungiya ke karɓar albashi don su auna kafin su sa hannu. Tambayar da ta dace a yi da ƙarfi ita ce wa ya amince da cinikin, kuma me ya gani. Giants ta ci wasa 4 ta sha kashi a 13 a kakar, aka kori koci Joe Judge, babban manaja Dave Gettleman ya ajiye aiki a Janairun 2022. Can ne hukuncin ya kamata ya dosa tun farko, sai dai manaja ba ya fitowa a bidiyon daƙiƙa goma da ake yaɗawa.

Abin da ya fi damuwa a yanzu shi ne yadda sukar ta sauya kama. A da ihu ne a filin wasa, a tashi kowa ya kama gabansa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halasta cacar wasanni a watan Mayun 2018, mutum na iya zuba kuɗi a kan yawan yadin da ɗan wasa guda zai ci a rana ɗaya. Ga kuma gasar haɗa ƙungiya ta intanet, inda makin mutum ke rataye a kan alƙaluman 'yan wasan da ya zaɓa. Wanda ya rasa kuɗinsa saboda ƙwallo ɗaya ta faɗi ba ya tambayar ko an fahimci kundin dabaru. Kai tsaye yake shiga akwatin saƙon ɗan wasan da ashar, wani lokaci har da iyalinsa. 'Yan wasa sun sha kokawa a kan haka. Hukumar NFL, wadda ta ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin cacar nan, ba ta da bakin cewa wannan matsalar 'yan wasa ce su kaɗai. Mai cin riba daga kasuwa shi ke da alhakin share ta.

Nelson Agholor, haifaffen Legas da iyayensa suka kai shi Amurka yana ƙarami, ya san nauyin wannan tambari fiye da kowa. Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen 2015, a birnin da 'yan kallonsa suka yi suna wajen rashin ragawa. Shekara biyunsa na farko sun yi masa wuya, ƙwallo na zubewa, har a 2016 ya fito ya ce matsalar a cikin kansa take, koci Doug Pederson ya hutar da shi wasa ɗaya don ya samu natsuwa. A 2017 ya dawo ya ci tacdawun 8. A Super Bowl na Fabrairun 2018 ya cafe 9, Eagles ta doke New England Patriots da ci 41 da 33, ta ɗauki kofin a karon farko a tarihinta.

Duk da haka tambarin bai goge ba. A watan Satumban 2019, bayan wani wasa da ya sake zubar da ƙwallo, gobara ta tashi a wani gida a Philadelphia, aka riƙa miƙo yara ta taga ana cafewa a ƙasa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ceton, da 'yan jarida suka sa masa makirufo, sai ya ce su dai sun cafe, ba kamar Agholor ba. Bidiyon ya karaɗe Amurka cikin sa'o'i. Agholor ya yaba wa mutumin a kan ceton da ya yi, ya kuma gayyace shi da iyalinsa su zo kallon wasan gida na gaba. A ƙarshen kakar ya bar Philadelphia ya koma Las Vegas Raiders, inda ya ci yadi 896 da tacdawun 8 a shekararsa ta farko.

Chase kuwa, a kakar 2024 shi ya zo na ɗaya a cafewa, da 127, na ɗaya a yadi, da 1,708, kuma na ɗaya a tacdawun, da 17. A watan Maris na 2025 Bengals ta sabunta masa kwantiragi na shekara 4 a kan dala miliyan 161. Sewell shi ma ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu katanga a gasar, kuma har yanzu a Cincinnati akwai masu cewa da shi aka ɗauka da kofin 2022 yana garinsu.