SHARHI: Yaran da aka tura fagen yaƙi da shari'ar da har yau ba a fara ba

A ranar 10 ga Disambar 2014, 'yan mata biyu suka tayar da bam a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano. Ta ukunsu, yarinya mai shekara 13, ta ƙi tayar da nata. Bayan makonni biyu 'yan sanda suka gabatar da ita ga manema labarai, inda ta ce mahaifinta ne ya miƙa ta ga Boko Haram. A dokar ƙasa da ƙasa wannan laifin yaƙi ne, domin Yarjejeniyar Rome, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001, ta haramta ɗaukar yaro da bai kai shekara 15 ba a sa shi cikin yaƙi.

Kotunan duniya sun sha hukunta wannan laifi. A 2012 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ICC, ta ɗaure madugun 'yan tawayen Kongo, Thomas Lubanga, shekara 14, a hukuncinta na farko. A shekarar ce kotun musamman ta Saliyo ta yanke wa Charles Taylor shekara 50, mutumin da aka cafke a Gamborun Ngala a 2006.

Batun Najeriya kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Bayan shekara goma ana nazari, babbar mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta bayyana a ranar 11 ga Disambar 2020 cewa akwai hujjar zargin Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya da laifukan yaƙi, ciki har da amfani da yara. Magajinta, Karim Khan, ya zo Abuja a 2022, ya zaɓi a ba kotunan gida dama, kasancewar ICC ba ta shiga sai ƙasa ta gaza ko ta ƙi.

A nan gizo ke saƙar. Majalisar Tarayya ba ta shigar da Yarjejeniyar Rome cikin dokokin ƙasa ba, shi ya sa shari'o'in da aka fara a Kainji a 2017 suka fi karkata ga zama ɗan ƙungiya da taimaka mata a ƙarƙashin dokar ta'addanci. Wanda ya ɗaura wa yarinya bam sai ya ɓace cikin taron waɗanda suka kai wa mayaƙa abinci.

An dai samu ci gaba ta fuskar ceto. 'Yan sa-kai na Civilian JTF sun sallami yara 833 a 2018 da wasu 894 a 2019, sannan a 2022 gwamnati ta sa hannu kan miƙa yaran da aka kama a fagen daga ga hukumomin farar hula. Sai dai ba a hukunta kowa ta wannan hanya ba.

Wannan ya shafi magidanci a Dawakin Tofa, inda yara ke barin ƙauyuka zuwa almajiranci ko dako a kasuwar Dawanau, yayin da 'yan bindiga suka fara taɓa Shanono da Tsanyawa. Yaron da ba idon kowa a kansa shi mai neman mayaƙa ke fara hanga. Matuƙar majalisa ba ta ba laifin sunansa a doka ba, lauyoyin gwamnati ba za su iya tuhumar kowa da shi a matsayin laifin yaƙi ba.