Manhajar Kyauta Ma Tana Da Sharuɗɗa

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci na ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu sukan tattara alƙaluman haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro su kai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, inda ake shigar da su cikin kwamfuta. Manhajar da ke karɓar alƙaluman ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar aikinta, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuwa ta ɗauke ta don ƙasa baki ɗaya. Ba a biyan ko kwabo don lasisinta. Wannan ne ya sa jami'ai da yawa suke ɗauka manhajar ba ta da mai ita. Tana da shi, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da doka ke karewa, lasisi kuwa shi ne izinin mai haƙƙi.

DHIS2 tana ƙarƙashin lasisin BSD, mai sassauci ƙwarai. Kowa yana iya kwafa, ya gyara, har ya sayar, muddin bai goge sunan masu haƙƙi ba, bai kuma yi talla da sunansu ba. To, a nan ne gizo ke saƙar. Ɗan kwangilar da gwamnatin jiha ta biya ya yi ƙari a kan irin wannan manhaja yana iya miƙa abin da ke aiki kawai, ya riƙe asalin rubutun a aljihunsa, lasisin bai hana shi ba. Ranar da aka so gyara, sai a koma wurinsa a kan farashin da ya ga dama.

Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1989, ya toshe wannan ƙofa. Duk wanda ya rarraba manhajar da ya gyara, tilas ya bai wa wanda ya karɓa asalin rubutun bisa sharuɗɗa iri ɗaya. Sai dai shi ma yana da nasa nauyin, domin ba a gina manhaja daga tushe. Ana harhaɗa ta ne da ƙananan sassa na aro, waɗanda masana ke kira laburare, kowanne da nasa lasisin. Sashe guda mai GPL da aka cusa cikin aiki yana iya wajabta buɗe aikin gaba ɗaya idan an zo rarraba shi.

Dukkan lasisan nan kuma sun faɗa ƙarara cewa babu garanti. Da aka gano ɓaraka a laburaren Log4j a watan Disamba na 2021, hukumomi a duniya sun shafe makonni suna laluben inda yake cikin manhajojinsu, kuma ba wanda za su kai ƙara.

Saboda haka ya kamata sakatarorin dindindin a Dutse su sa sharuɗɗa biyu cikin kowace takardar kwangilar manhaja: ɗan kwangila ya miƙa asalin rubutun ga ma'aikata, ya kuma haɗa da jerin kowane laburare da ya ara tare da lasisinsa, kafin Baitulmali ya saki kuɗin ƙarshe.