Shara a Gindin Kwangilar Soja

A watan Disambar 2001 rundunar sojan Amurka ta bai wa kamfanin KBR, wanda a lokacin reshe ne na Halliburton, wata ƙatuwar kwangila mai suna LOGCAP. Abinci, wanki, ruwan sha, gina bariki, duk a cikinta. In wata buƙata ta taso ba sai an sake kiran 'yan kwangila su yi takara ba, oda kawai za a rubuta a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya. Da aka shiga Iraƙi a 2003, kwasar sharar sansanoni ma ta wannan ƙofa ta bi.

Masu kare tsarin suna cewa a fagen daga babu lokacin jiran takardu. Na yarda. Amma a dubi abin da saurin ya haifar.

A sansanin Balad, arewa da Bagadaza, ramin ƙona shara ya kai kusan eka goma. Robobi, tayoyi, batura, gwangwanayen fenti, har da sharar asibiti, a jibge su wuri guda, a kwarara man jirgi, a ƙyasta wuta. Baƙin hayaƙi ya dinga turnuƙe tantunan da sojoji ke kwana, dare da rana, shekara da shekaru. Yara majiya ƙarfi suka koma gida da tarin da ba ya jin magani, wasu da ciwon daji.

Da suka kai KBR ƙara, sai aka shiga 'yar turereniya. Kamfani ya ce shi ɗan aike ne, soja ya ce a ƙona. Alƙali a jihar Maryland ya kori ƙarar a 2017, bisa hujjar cewa shawarar ta soja ce, kotu ba ta da hurumin tsoma baki. A Janairun 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙara. An ƙona, an shaƙa, amma babu mai laifi.

Nan ne aibin tsarin yake. In aka cusa aikin muhalli a gindin kwangilar da aka ƙulla don ciyar da bataliya, wanda zai duba aikin ba masanin guba ba ne, hafsa ne da abin da ya dame shi kawai a kawar da juji kafin gari ya waye. Sai a Agustan 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji samun magani da diyya daga aljihun gwamnati. Manoman Iraƙi da ke maƙwabtaka da Balad, waɗanda suka shaƙi hayaƙin nan tare da su, ba sa cikin dokar.

Wannan darasi ya shafi Nijar ma, domin sojojin Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a Agustan 2024. Ya kamata hukumomin Nijar su tura masana masu zaman kansu su auna ƙasa da ruwan rijiyoyin da ke kewaye da wurin, su kuma bayyana wa jama'ar gari sakamakon.