Gidan Gado da Benen Zamani a Cikin Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa cikin birnin Kano da ƙafa a 'yan shekarun nan, ya shiga ta Ƙofar Wambai ko ta Ƙofar Mazugal, ya bi lungunan Koki da Zangon Barebari da Bakin Ruwa har ya ɓulla kasuwar Kurmi, ba zai rasa ganin tsohon soron ƙasa wanda azararsa ta lanƙwashe, damina ta zaftare masa kusurwa, an tokare shi da bulo an yafa masa kwano ba. Kuma a jikinsa sau da yawa zai tarar da sabon bene hawa uku ko huɗu, shaguna a ƙasa, ɗakunan ajiya ko na haya a sama, tagoginsa suna leƙa tsakar gidan maƙwabta. Mutane da dama, har da waɗanda nake girmama hankalinsu, sun ɗauka benen nan shi ne maganin soron can, cewa idan aka yi haƙuri sannu a hankali sabo zai cinye tsoho, birni ya gyaru da kansa. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, matuƙar aka bar al'amarin a kan tafarkin da yake bi yanzu, to ginin zai sabunta amma mutanen da aka ce don su ake gyaran za a neme su a unguwar a rasa.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙyamar bene. Ƙasar da ke cikin ganuwa ba ta ƙaruwa. Badalar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, an zana ta ne da yalwa har ta haɗa da gonaki, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne ana nomawa. Yau gonakin sun zama gidaje, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu an cike galibinsu an yanka fuloti, ita kanta badalar an ci ta a wurare da yawa. Jama'ar da ta cika wuri haka, in ba za ta watse ba, ba ta da mafita sai sama. Abin da nake jayayya a kansa shi ne wa zai hau benen, da kuma bisa wane sharaɗi.

Asalin lalacewar gidajen cikin birni, a fahimtata, ya fi kusa da sha'anin gado fiye da talauci, ko da yake talaucin yana nan. Dattijo ya rasu ya bar gida ɗaya da mata da 'ya'ya goma sha. Don kunya da kiyaye zumunci ba a raba tarikar ba, aka ce a bar gidan kowa ya zauna. Shekaru suka shuɗe, wasu magadan suka rasu su ma suka bar nasu magadan, har gida guda ya zama haƙƙin mutum arba'in ko hamsin, wasu suna Legas, wasu suna Kurna, wasu mata ne a gidajen aure. Wanda ke zaune a ciki ba zai zuba kuɗinsa ya yi yaɓe ko ya sake rufi ba, domin ya san rabonsa bai wuce ɗaki guda ba, kuma ranar rabo ba wanda zai lissafa masa abin da ya kashe; wanda ke waje kuwa ba zai gyara abin da ba ya mora ba. Haka gidan zai yi ta zuba har ranar da katanga ta faɗa wa wani, ko wani magaji ya matsu ya kai ƙara gaban alƙali, a kira masu ƙiyasi su yi wa gidan kuɗi, dillali ya kawo mai saye, a raba abin da aka samu.

To, a nan ne hasarar take, kuma hasara ce wadda ba ta bayyana a takardar ciniki. Kuɗin da aka raba wa mutum arba'in ba zai saya wa ko ɗayansu muhalli a cikin birni ba, sai dai ɗan fili awon igiya a can bayan gari, inda babu kwata, babu famfo, babu makaranta, inda lungun ma bai isa motar asibiti ta shiga ba. Wato an kwashe matsalar tsohuwar unguwa an kai ta wani wuri an sake shukawa. Maɗinkin da ke takawa da ƙafa daga Soron Ɗinki zuwa Kurmi yanzu sai ya biya kuɗin adaidaita sahu sau biyu a yini. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida ta rabu da masu sayenta. Malamin da ake ɗaukar karatu a zaurensa tun zamanin kakansa ya tashi, almajiransa suka warwatse. Unguwannin nan kuwa kowace da asalinta, Madabo da malamanta Wangarawa, Sharifai da zuriyar da ake dangantawa da Shehu Maghili, Ayagi da Tudun Nufawa da Agadasawa da baƙin da suka zo fatauci suka zama 'yan gari. Kuma wannan tarihi a ƙirjin mazauna yake zaune, idan suka tashi ba ya saura a jikin bulo.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, hanyar da za a bi a kauce wa wannan tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan unguwannin nan da kansu. Fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da sanin gida mai hawa wanda mai ƙasa daban, mai sama daban. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin ilimi a Kano ya sauke, ta yi bayanin wanda gyaran ƙasa ya rataya a wuyansa idan wani ne ke da saman, ta kuma hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa ko ƙofar da ke fuskantar ƙofarsa. Muhtasar na Shehu Halil ya halatta sayar da sararin da ke bisa gini domin a ɗora wani gini a kai, muddin aka siffanta ginin da za a yi. Ga kuma haƙƙin shuf'a, wanda ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan farashin da aka sayar. Idan shari'a ta yarda a sayar da sama a riƙe ƙasa, me zai hana magada, maimakon su sallama gidan kakansu ɗungurungum, su shiga musharaka da mai jari, su kawo fili shi ya kawo kuɗi, a gina hawa huɗu, su riƙe biyu su zauna, shi ya ɗauki biyu ya sayar ko ya ba da haya? Gidan da ya gagara rabuwa yana shimfiɗe a ƙasa, in ya tashi sama ya zama sassa takwas ko goma, kowane da ƙofarsa da takardarsa, rabonsa ya sauƙaƙa.

An gwada makamancin wannan a wata ƙasa. A birnin Mumbai na Indiya akwai tsohuwar unguwar Musulmi mai suna Bhendi Bazaar, cunkusasshiya, gidajenta sun tsufa har suna rushewa a kan mutane. A 2009 jama'ar Bohra, waɗanda galibinsu 'yan kasuwa ne, suka kafa wata amana don sake gina ta, fili mai faɗin eka 16 da rabi, gine-gine wajen 250, iyalai kimanin 3,200 da shaguna fiye da 1,200. Sharaɗin da aka gindaya shi ne kowane iyali, har da 'yan haya, a ba su masauki na wucin gadi yayin gini, sa'an nan su dawo su karɓi sabon muhalli mallakinsu ba tare da biyan kuɗi ba, a mayar da abin da aka kashe daga sayar da benayen da za a gina a wani ɗan yanki na filin. Aikin ya yi jinkiri ƙwarai, an yi ƙorafe-ƙorafe, kuma dogayen benayensu ba su dace da Kano ba. Amma ɗaruruwan iyalai sun riga sun koma unguwarsu, kuma wannan sharaɗi na dawowa shi ne abin da nake so mu ɗauka.

Ɗaya hanyar kuwa mun san ta, domin ta taɓa 'yan'uwanmu. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomin Saudiyya suka rushe unguwanni fiye da 60 a Jidda da sunan kawar da gine-ginen da ba su bisa tsari, cikinsu har da Karantina da Gulail da Sabil, inda Hausawa da yawa suka shekara aru-aru. Aka tanadi diyya ga 'yan ƙasa, baƙo kuwa ko an haife shi a can sai ya nemi inda zai sa kansa, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. Kafin wannan, a Yulin 1990, gwamnatin soja ta Legas ta share unguwar Maroko, ta tashi mutane wajen 300,000, filin kuma yau yana cikin mafi tsada a Nijeriya. Dokar filaye ta 1978 ta sa irin wannan ya zo da sauƙi a wurinmu, domin ta danƙa filaye a hannun gwamna, idan kuma ya karɓe wuri don maslahar jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ce a kai. Mai soron ƙasa a bakin Kurmi, wanda darajar gidansa duk a matsayin filin take, shi ne wanda wannan lissafi ya fi zalunta.

Sa'an nan akwai batun amana tsakanin mai jari da hukuma. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan sabuwar gwamnatin Kano ta hau, aka rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta cefanar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Daga baya babbar kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ni ina cikin masu ganin bai kamata a gina shaguna a masallacin idi ba tun farko. Amma darasin da mai kuɗi ya ɗauka shi ne takardar da gwamna ya sa wa hannu yau tana iya zama banza gobe, kuma mutumin da ya ɗauki wannan darasi ba zai shiga yarjejeniyar shekara ashirin da magada ba, sai dai ya gina shagunan da za su mayar masa da kuɗinsa cikin gaggawa.

Kuma ko an sami amanar, bene ba ya tsayuwa a kan unguwar da ba ta da magudanar ruwa. Gidan da mutum ashirin ke ciki in ya koma na mutum sittin, ruwan wanka da na bayan gida ya ninka uku, alhali kwatar lungun ita ce dai ta da, kuma ruwan sha har yanzu a wurin 'yan garuwa ake saye. An rufe wani ɓangare na babbar kwatar Jakara an shimfiɗa titi a kanta, wannan ya rage ƙazanta a sarari, amma ƙananan kwatocin da ke zuba a cikinta suna nan a toshe. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ɗora laifin a kan gini bisa hanyar ruwa. A cikin Agustan shekarar kuma bene mai hawa uku da ake ginawa a titin Beirut ya rufta a kan mutane. Wajibin gwamnati na farko ke nan, kwata da famfo da injiniyan da zai duba harsashi ba tare da an sa masa hannu a aljihu ba. Ginin gidajen kansa a bar wa jama'a da masu jari, domin mun ga rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, kyawawan gidaje a bayan gari, yadda da yawansu suka shekara a rufe, saboda sun fi ƙarfin talaka kuma sun yi nisa da inda abincinsa yake.

Siffar ginin ma abin lura ce, ko da yake ba zan tsawaita a kanta ba. Benen da aka kwafo zanensa daga wata ƙasa, babu zaure, babu tsakar gida, babu inda mata za su yi girki da shanya a asirce, babu inda za a shimfiɗa tabarma ranar suna ko zaman makoki, Bakano zai shige shi don lalura amma ba zai zauna da daɗin rai ba. Masu zanen gine-ginen da jami'o'inmu ke yayewa suna iya fitar da bene mai hawa uku ko huɗu da ke kewaye da fili a tsakiya, zaure ɗaya na tarayya a ƙofa, tagogin waje sama da tsayin ido, tsofaffi a hawan ƙasa.

Wadda ya kamata ta ɗauki gabarar wannan aiki, a ganina, ita ce Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha tare da masarauta, domin magada sun fi sakin jiki da mai unguwa da limami fiye da ma'aikacin ƙasa da safiyo, kuma domin hannun da zai riƙe yarjejeniya tsakanin marayu da attajiri ya kamata ya zama hannun da ba ya sauyawa da zaɓe. A zaɓi lungu guda a Koki ko Yakasai, dagaci da masu unguwa su ƙididdige gidajen gadon da ke cikinsa, alƙalai su tantace magadan kowane gida da rabon kowa, hukumar tsara birni ta KNUPDA ta fitar da hanyar ruwa kafin a aza tubali, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a sayar da sashe ko ɗaya ga bare ba sai magadan da ke zaune a gidan sun karɓi mabuɗansu, 'yan hayar da aka tarar kuma a ba su fifiko a kan haya mai rangwame na wasu shekaru.