RA'AYINMU: Labarin Mai Wa'azi a Kan Bagade

'Yan'uwa cikin Almasihu, dukanmu mun san abin da kan faru da zarar mai wa'azi ya ajiye takardarsa ya ce bari ya ba da labarin abin da ya taɓa samunsa. Masu gyangyaɗi sukan farka, yara su daina wasa da benci. Dattijon da ya yini a gona ranar Asabar yakan fi kama maganar dogara ga Allah idan ya ji cewa fastonsa ma ya taɓa shuka gero ruwa ya ɗauke. Wannan baiwa ce, ba ma so a raina ta. Amma muna ganin lokaci ya yi da za mu yi magana a kan yadda ake amfani da ita.

Manzo Bulus ya ba da labarin tubansa a gaban jama'a sau biyu a Ayyukan Manzanni, kuma bai ba da shi iri ɗaya ba. A sura 22 yana gaban taron Yahudawa masu neman ransa a Urushalima. Ya yi musu magana da harshensu, ya ambaci malaminsa Gamaliyel, ya kuma nuna cewa Hananiya wanda ya zo wurinsa a Dimashƙu mai kiyaye Shari'a ne. A sura 26, gaban Sarki Agaribas, bai kawo sunan Hananiya ba sam. A Atina kuwa, a sura 17, bai taɓa labarin kansa ba; da bagaden da ya gani a birninsu ya fara. Wato masu sauraro yake dubawa kafin ya zaɓi abin da zai faɗa. Mu lura kuma, taron Urushalima sun kasa kunne ne har ya ambaci aikensa zuwa ga al'ummai, daga nan suka tashi da ihu. Labarin ya sa sun saurara, amma Bulus bai rage saƙon don ya riƙe su ba.

Yau fa? Wani baƙon mai wa'azi zai zo ikilisiyar ƙauye wadda rufinta ke yoyo, ya cinye rabin lokaci da labarin jirgin sama da motar da aka yi masa kyauta. Jama'a su tafa, su koma gida ba wanda ya tuna nassin da aka karanta. Wani kuma labarinsa girma yake yi kowace shekara, marar lafiya ɗaya da aka yi wa addu'a bara ya zama goma bana. Ƙarya ce wannan, ko da an rufe ta da Halleluya.

Abin da ya fi damunmu shi ne labarin da ba na mai wa'azi kaɗai ba. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne. Inda masu sujada ba su wuce 40 ba, idan fasto ya ce wata mace ta zo wurinsa da kuka saboda mijinta, kafin a yi addu'ar rufewa kowa ya san ko wace ce. Ba za ta sake zuwa neman shawara ba, sauran matan zumunta ma sun ɗauki darasi. Haka matar fasto da 'ya'yansa, waɗanda akan mai da su abin misali ba tare da an tambaye su ba.

Ga kuma sababbin masu bi. A wuraren da muke 'yan tsiraru, akwai wanda danginsa ba su riga sun san yana zuwa sujada ba. Shaidarsa mai daɗin ji ce, amma yanzu kusan kowane taro akwai mai ɗauka da waya, kafin yamma maganar ta shiga WhatsApp. Mai wa'azi ya hau mota ya tafi, shi kuwa ɗan'uwan nan ana iya korarsa daga gida, ko a raba shi da matarsa da gonarsa. Shi ne mai ikon cewa yaushe za a ji labarinsa, kuma daga bakinsa.

Muna roƙon dattawa su sa wannan batu cikin abin da za su tattauna a zamansu na gaba. Duk baƙon da aka gayyata, a gaya masa tun kafin ya hau bagade cewa a ikilisiyarmu ba a ba da labarin mutum sai da yardarsa, ba a kuma ɗaukar shaidar kowa da waya sai shi ya ce a ɗauka.