Irin da bai tsira ba, ba lalle ne ya mutu ba

Ƴan'uwa manoma, yau za mu yi tafiya mai nisa, har ƙarshen Afrika ta Kudu, kewayen birnin Kap. A duwatsun can akwai wani ɗan icce da ake kira furotiya. Furensa babba ne, wani faɗinsa ya kai santimita 30, kamar faifai. Tun shekarar 1976 ƙasar ta ɗauke shi ya zama furenta na alfahari. Ana noma shi, ana kai furen kasuwannin Turai.

Wani zai ce, mi ya kawo zancen fure a shafin noma? Halin irinsa ne ya kawo shi.

Ƙasar Kap ba kamar tamu take ba. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa. Su nasu da sanyi yake sauka, daga watan Mayu zuwa Agusta. Ƙasar wurin rairayi ce marar ƙarfi. Kuma bayan shekara 10 zuwa 20 wuta takan ci dajin. Furotiya ya saba da wannan zama. Da yawa daga cikin danginsa ba su zubar da ƴaƴansu in sun nuna. Suna riƙe su cikin busasshen kan fure, shekara da shekaru. Sai wuta ta wuce, kan ya buɗe, iri ya zuba bisa toka. Nan ma ba ya gaggawa. Yana jiran ruwa da sanyin dare.

Saboda haka mai son shibka shi sai ya bi shi da dabara. Da farko yana tsince iri, don mafi yawan ƙwayoyin fanko ne, ba kome cikinsu. Yana shibka tsakanin Maris da Mayu, lokacin da rana ke da ɗumi, dare ke da sanyi. Yana zuba rairayi wanda ruwa ke wucewa cikinsa da sauri, domin in ruwa ya kwanta saiwa ruɓewa take yi. Ba ya binne iri da zurfi. Ruwan sama ya fi masa ruwa mai kanwa. Wasu kuma suna jiƙa iri cikin ruwan da aka ratsa da hayaƙi. A shekarar 1990 ne masana na Afrika ta Kudu suka gano hayaƙi yana tada irin tsirrai na wannan daji daga barci. A 2004 masana na Ostareliya suka gano sinadarin da ke yin wannan aiki cikin hayaƙin. Bayan wannan duka sai haƙuri. Tsiro yana iya ɗaukar wata 1 zuwa 3. Fure kuwa sai bayan shekara 4 ko 5.

Abin mamaki shi ne zancen taki. Takin zamani mai fosfat, wanda hatsinmu ke kuka da rashinsa, shi ne ke kashe furotiya. Saiwarsa ta saba tsotsar ɗan kaɗan daga ƙasa matalauciya. In aka ba ta da yawa sai ya zame mata guba.

Ni a ganina, kada wani manomin Maraɗi ko Damagaram ya ɓata kuɗinsa a kan wannan icce. Zafin bazararmu ya wuce awo 40. Ruwanmu yana zuwa lokacin da shi yake son fari. Ba ƙasarsa ba ce.

Amma irin itatuwanmu ma yana da irin wannan taurin kai, kuma nan ne muke asara. Sau nawa ƙungiyar gari ke cika tukwanen leda da ƙasa, ta zuba irin gawo ko bagaruwa, mata su yi ta jan ruwa daga rijiya sati uku, amma tsiro ɗaya ɗaya? Sai a ce irin ba shi da kyau. A zubar, a yi fushi da wanda ya kawo shi. Alhali irin lafiyarsa lau. Ɓawonsa ne ke da tauri, ruwa bai samu hanyar shiga ba.

Makiyaya sun daɗe da sanin wannan. Duba inda awaki ke kwana bayan sun ci ƴaƴan gawo. Da ruwa ya sauka za ka ga ƴan gawo sun fito. Cikin akuya ya yi wa ɓawon abin da wuta ke yi wa kan furotiya: ya buɗe ƙofa.

Mu ma muna iya buɗe ta da hannunmu. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba irin bagaruwa ko na kuka ciki, a bar shi ya kwana. Kada a dafa iri bisa wuta, dafuwa kashe shi take yi. In irin kaɗan ne, kamar na gawo, a ɗan goge gefen kowace ƙwaya bisa dutse har farin ciki ya leƙo, sannan a jiƙa. Ƙwayar da ta kumbura ta sha ruwa, a shibka ta nan da nan.

Sai dai ba kowane iri ke son haka ba. Zogale ba ya bukatar ruwan zafi. Dogon yaro kuwa akasin gawo ne. Irinsa ba ya jimrewa ajiya, cikin ƴan makonni ƙarfinsa ke tafiya. Shi ana wanke shi ne a shibka tun yana sabo.

Kuma kada wani ya ji labarin furotiya ya ce ashe wutar daji alheri ce. Dajin Kap ya saba da wuta tun fil azal. Namu in ya ƙone, ciyawar dabbobi ta tafi, ƙananan itatuwa sun mutu, iska ta kwashe ƙasa.

Wanda ke son ya samu abin dasawa ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa, to ya fara tun watan Afrilu. Ya gwada ƙwaya 20 tukuna, 10 da ya jiƙa, 10 da bai jiƙa ba. Ya ƙirga waɗanda suka fito bayan sati biyu, ya rubuta cikin littafinsa, ya kai wa ƴan ƙungiya su gani.