Ƙanjamau da tunjere: Me ya sa awon ciki kaɗai bai isa ya kare jarirai a yankin Gumel ba?

Binciken ƙasa kan cutar ƙanjamau da aka yi a 2018 ya sanya Jigawa da Katsina a ƙasan jerin jihohi, da kashi 0.3 cikin 100, yayin da ƙasar baki ɗaya ke da kashi 1.4. Labari ne mai daɗi, amma a ƙauyukan Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar yana iya sa a saki jiki a ɗauka cutar ta mutanen birni ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa mai ɗauke da cutar ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na kamuwa a lokacin goyon ciki, naƙuda ko shayarwa. Da magani, adadin na sauka ƙasa da 5. Jaririn da ya kamu kuma ba a kula da shi ba, kusan rabin irinsa ba sa kai shekara biyu.

Tunjere ma na nan

Ƙanjamau ne ya yi suna, amma tunjere na ɓarna a ɓoye. Mace na iya ɗauke da shi ba ta ji komai ba, sai a ga ɓari ko haihuwar jariri ba rai, a ce iska ce ko sammu. Alhali gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, maganinsa kuma allurar penisilin mai araha, matuƙar an yi ta da wuri, aƙalla wata guda kafin haihuwa. Ciwon sanyi kuwa kan shiga idon jariri wajen haihuwa, har ya kai ga makanta.

Inda gizo ke saƙar

Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna mafi yawan matan Jigawa na zuwa awo, amma kusan ɗaya cikin biyar ce kawai ke haihuwa a asibiti. A nan igiyar ke tsinkewa. Jaririn uwa mai ƙanjamau na buƙatar maganin ruwa na Nevirapine da zarar ya zo duniya, sannan gwajin jini a mako na shida. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ma cikin awa 24 ake son a yi shi. Wanda aka haifa a ɗaka a hannun ungozoma, ba a fita da shi ba sai bayan suna, ya riga ya rasa wannan dama.

Sai batun miji. Matar da aka yi wa allurar tunjere za ta sake kamuwa idan maigida bai karɓi tasa ba, a gidan mata biyu ko uku kuma cutar ta ci gaba da zagayawa. Yankin ba a killace yake ba: kasuwar Maigatari na tara fatake daga Nijar da kudancin Najeriya duk Alhamis, ga 'yan ci-rani da ke dawowa da damina. Ita kuma matar da sakamakonta ya nuna cutar, tsoron saki kan sa ta ɓoye kati ta daina karɓar magani.

Me ya kamata a yi?

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu kan dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta. Mataki ne mai kyau, sai dai takardar ranar ɗaurin aure ba ta kare cikin da za a samu bayan shekara biyar. Kowane ciki na buƙatar nasa gwajin, na mata da miji tare.

Kuɗi ma abin dubawa ne. Bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magungunan ƙanjamau. Aikin da ya rage wa gwamnatin Jigawa shi ne ta tabbatar kayan gwajin ba su tsaya a Babban Asibitin Gumel ba, sun kai ƙananan asibitocin mazaɓu. Ƙasar Kuba ta kawo ƙarshen yaɗuwar cututtukan biyu daga uwa zuwa jariri a 2015 da waɗannan kayan ne. A nan kuma, limamai da dagatai ne za su iya sa maza su raka matansu awo.